Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Gwandu

An haifi Malam Abdullahi a shekara ta 1180 ta Hijira, watau 1766. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Asalinsu Fulani Toronkawa ne, gidansu kuwa gidan malanta ne tun kaka da kakanni. Shi ƙanen Shehu Usmanu ne, Shehu ya girme shi da shekara goma sha biyu.

A wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Da ya kai shekara goma sha uku aka danƙa shi ga hannun wansa, ya zama shi ne malaminsa, shi ne kuma mai renon halinsa. A gare shi ya karanta Ishiriniya, da Ahalari, da Ishmawi, da Risala, ya ɗauki tauhidi da nahawu da tafsiri. Sa'an nan ya zaga wurin waɗansu malamai. Shi da Shehu suka ji Sahihul Buhari daga bakin kawunsu Alhaji Muhammadu ɗan Raji, suka kuma zauna gaban Malam Jibirila ɗan Umaru, wanda ya shahara da tsananin kishin addini. A shekarar 1812 ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusukhi, ya jera malamansa a ciki ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya samu wurin kowanne, domin kada a ga iliminsa a manta da waɗanda suka ba shi.

A cikin littafin nan ne ya ba da labarin yadda Shehu kansa ya sami halinsa. Ya bayyana cewa Shehu ya lazimci wani ɗan'uwan iyayensu, Malam Usmanu Binduri, kamar shekara biyu, yana kwaikwayonsa wajen tsoron Allah da horo da alheri da hani ga mummuna, har halin malamin ya zama nasa. Abin da Shehu ya yi da Binduri, shi Abdullahi ya yi da Shehu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Bai tsaya ga karatun zaure kaɗai ba. Ya bi wansa yawon wa'azi cikin ƙasashen Kabi da Zamfara, yana duban yadda ya ke zama da talaka, da yadda ya ke tsayawa gaban mai iko.

Wajen shekarar 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Sallar Layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar, ya roƙi abu biyar maimakonta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Abdullahi yana wurin, yana saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai. Ya ga da idonsa cewa wanda bai miƙa hannu ya karɓa ba, shi ke da bakin yin magana domin jama'a.

Sa'ad da zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu 1804. A can aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Ya zama wazirinsa. Shi ya shugabanci runduna a Tafkin Kwatto cikin watan Yuni na shekarar nan, aka kori Gobirawa. Shi ne kuma ya ci Birnin Kabi a 1805. Mutumin da aka sani da alƙalami da tawada, sai ga shi a gaban mayaƙa, bai kuwa gaza ba.

To, a nan jarrabawa ta fari ta same shi. Da yawa cikin abokan karatunsa, masu kyakkyawar niyya, sun yi shahada a Tsuntsuwa da Alwasa. Da nasara ta fara samuwa, sai ya ga waɗansu cikin jama'a sun juya ga neman sarauta da tara dukiya, da dawaki da tufafin ado, ana cin amanar raunana, ana sayar da 'ya'ya a kasuwa kamar bayi. Zuciyarsa ta ɓaci ƙwarai. Wajen shekarar 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya rabu da runduna tare da 'yan abokai kaɗan, ya fuskanci gabas da nufin zuwa Makka da Madina, ya bar musu duniyarsu.

Hanya ta biyo da shi Kano, zamanin Sarki Sulaimanu. Mutanen Kano suka tsai da shi, suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su dogara a kai wajen hukunci. Da fari ya ƙi, gama ya ga irin abin da ya gudo dominsa a wurinsu. Da suka nace, ya zauna ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. A cikin littafin ya bayyana abin da ya wajaba a kan shugaba, da sharuɗɗan waziri da alƙali da sauran wakilai, da yadda a ke tafiyar da mulki bisa shari'a. Mutane suka tuba, har suka farfasa kayan kiɗa, suka mai da kwaryar ganguna abin zuba wa dawaki abinci. Daga nan ya fasa tafiya, ya koma wurin wansa, ya sake ɗaukar aikin da ya ajiye. Ya gane cewa in masu gaskiya suka janye jiki, wurinsu ba ya zama wofi, waɗansu ne ke cika shi.

An ci Alƙalawa a 1808. A 1812 Shehu ya raba kulawar ƙasa biyu, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ba Abdullahi yamma, Abdullahi ya zauna Boɗinga. Hidimar mulki ba ta raba shi da rubutu ba. Cikin shekarun nan ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi a Tazyinul Waraƙati, ya kuma gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili. Yana da wallafe-wallafe kuma a fannin nahawu da sarafu da fiƙihu. Duk da girman da ya ke ba wansa, bai zama ɗan amshin shata ba. Sun saɓa a kan mas'alar ganguna, da tufafin ado ga shugabanni, da sunayen sarauta. Abdullahi ya fi tsanantawa, Shehu ya fi sassautawa, kowa ya kawo hujjarsa a rubuce, zumunci bai taɓu ba.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta fari nauyi. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin watan Afrilu 1817. Abdullahi shi ne babba, shi ne waziri, ba kuwa wanda ya kai shi ilimi cikin jama'a. Amma kafin ya iso daga Boɗinga an riga an yi wa Bello mubaya'a, ya tarar an rufe masa ƙofar gari. Ya juya, daga baya ya tare a Gwandu. Abin ya sosa masa rai, aka yi 'yan shekaru ba ya zuwa Sakkwato. Amma bai tara runduna ba, bai kira kowa ga tawaye ba, ko da ya ke rabin ƙasa na hannunsa, kuma lokacin garuruwa da yawa sun tayar.

Bayan shekara uku ko huɗu, mutanen Kalambaina, kusa da Gwandu, suka fi ƙarfinsa. Bello ya taso da runduna ya taimake shi, aka ci garin. Da suka haɗu bayan yaƙi, Bello ya yi haramar sauka daga doki domin girmama baffansa. Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ya kuma tuɓe alkyabbarsa ya ba Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Bello. Tsohon da ya koyi biyayya a gaban wansa, ya yi ta ga ɗan wansa. Da wannan aka ɗinke ɓaraka, Sakkwato da Gwandu suka zauna lafiya da juna har zuwan Turawa a 1903.

A ƙarshen rayuwarsa ya bar yawancin hidimar mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga karantarwa da rubutu. Ya rasu a Gwandu a shekara ta 1245 ta Hijira, watau 1829, a can kabarinsa ya ke. Ɗansa Muhammadu ya gaje shi, bayansa Halilu.

Wanda duk aka danƙa wa aikin jama'a, ko alƙali ne, ko hakimi, ko ma'aji, ko magatakarda, da wuya ya gama aikinsa bai gamu da ɗayan jarrabawan nan biyu ba: ko ya ga abokan aiki suna cin abin da ba nasu ba har ya ji kamar ya ajiye aikin, ko a ɗora ƙaraminsa a kan muƙamin da ya ke tsammani. Malam Abdullahi ya gamu da su duka, ya ji zafinsu kamar kowa. Abin da ya riƙe shi kuwa shi ne halin da ya ɗauka tun yana ɗan shekara goma sha uku, a wurin mutumin da ya zaɓa ya kwaikwaya. Saboda haka ya kamata ƙaramin ma'aikaci ya duba wanda ya ke bi, babba kuma ya tuna akwai yaro a bayansa yana kallon hannunsa.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya gafarta masa, ya kai haske kabarinsa. Amin.