John McCormack (1884–1945): Mawaƙin da Ya Mayar wa Allah Baiwarsa

Yawancin firistocin da suka kafa majami'u da makarantu a Kaduna da Jos da Yola daga ƙasar Ayalan suka fito. A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo muku tarihin wani ɗan ƙasar tasu, wanda bai zama firist ba, amma ya yi wa Ikilisiya hidima da muryarsa. Sunansa John McCormack, ɗaya daga cikin shahararrun mawaƙan duniya masu muryar teno, wato muryar maza mai tashi sama.

An haife shi a garin Athlone ran 14 ga Yuni, 1884. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 11, iyayensa kuwa ma'aikatan masaƙar ulu ne, ba masu dukiya ba. Ya fara karatu a hannun 'Yan'uwan Marist na garinsu, ya ci gaba a kwalejin Summerhill da ke Sligo. Daga nan ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta babbar majami'ar Dablin, inda shugabanta, Vincent O'Brien, ya gane irin baiwar da ke gare shi, ya koya masa. Ashe dai a gaban bagade muryar nan ta fara samun horo, kamar ta yaranmu da ke zuwa koyon waƙa da yamma.

A 1903 ya ci lambar zinariya a babbar gasar waƙa ta Dablin. A 1905 ya tafi Milan ta Italiya wurin wani malami, Vincenzo Sabatini, domin ya koyi sarrafa numfashi. A shekarar da ta biyo baya ya fara fitowa a opera, wato wasan kwaikwayon da ake yinsa baki ɗaya cikin waƙa, a garin Savona. Don Italiyawa su karɓe shi ya ari suna irin nasu, Giovanni Foli, daga sunan budurwarsa Lily Foley, wadda ya aura a wannan shekara ta 1906. A 1907, yana da shekara 23, ya hau dandalin Covent Garden na Landan, a 1909 kuma ya rera a birnin New York. A 1911 shahararriyar mawaƙiya Nellie Melba ta tafi da shi yawon waƙa a Ostareliya.

Duk da wannan ɗaukaka, McCormack ya san iyakarsa. Muryarsa mai zaƙi ce da tsabta, amma ba ta da ƙarfin da waɗansu wasanni ke bukata, shi da kansa kuma ya yarda cewa ba gwanin kwaikwayo ba ne. Saboda haka sannu a hankali ya janye daga opera, har ya yi na ƙarshe a Monte Carlo a 1923, ya koma tsayuwa shi kaɗai kusa da mai kaɗa fiyano. A nan ne ya sami gidansa. Yakan fara da waƙoƙin manyan masana irin su Handel da Mozart da Schubert, sa'an nan ya rufe da waƙoƙin gargajiyar Ayalan. Dubban 'yan ƙasarsa da talauci ya kora zuwa Amurka sukan cika zauruka su saurare shi, su tuna da gida. Abin da kowa ya shaide shi da shi shi ne, ko wanda ke kujerar ƙarshe yana jin kowace kalma sarai.

Garmaho ya kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ya fara ɗaukar murya tun 1904, daga 1910 kuma ya yi aiki da kamfanin Victor, ya bar fayafayai ɗaruruwa. A wani faifai na 1916, cikin waƙar Mozart, ya jera sauti 64 da numfashi guda, abin da masu koyon waƙa ke sauraro da mamaki har yau. Ya zama ɗan ƙasar Amurka a 1919, a 1930 kuma ya fito a fim, aka biya shi dala 500,000.

Ba za mu ɓoye ba, dukiya ta ja hankalinsa. Ya yi zaman ƙasaita a katafaren gidan Moore Abbey, ya kashe kuɗi masu yawa wajen dawakin sukuwa da zane-zane masu tsada. Amma hannunsa bai taɓa rufewa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi ta rera waƙa domin tara wa ƙungiyar agaji ta Red Cross kuɗi. Sa'ad da aka nutsar da jirgin ruwan Leinster a 1918, ɗan'uwan matarsa da matarsa suka rasu suka bar marayu, shi da Lily suka ɗauki ƙaraminsu suka riƙe tare da 'ya'yansu biyu, Cyril da Gwen. Saboda taimakonsa ga ayyukan jinƙai na Ikilisiya, Paparoma Piyus na 11 ya ba shi sarautar girmamawa ta Count a 1928.

Ranar da ta fi kowace girma a rayuwarsa ita ce Lahadi, 26 ga Yuni, 1932. A ranar ce aka yi Misar rufe Babban Taron Yukaris na Duniya a filin Phoenix Park na Dablin, inda mutane wajen miliyan ɗaya suka hallara. McCormack ya rera Panis Angelicus, waƙar yabon Jikin Ubangiji, wadda Waliyyi Toma Akwinas ya rubuta kalmominta, César Franck ya sa mata kiɗa. Rediyo ya watsa ta zuwa gidaje masu nisa. Mutumin da ya saba da tafi, ran nan ba tafi ya nema ba. Ya koma inda ya fara, ɗan kwaya a gaban bagade.

Ya yi waƙar ban kwana a zauren Royal Albert Hall na Landan a 1938, amma da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sai ya sake fitowa domin Red Cross, har 1943, lokacin da ciwon huhu ya tsayar da shi. Mai jera sauti 64 da numfashi guda ya wayi gari numfashin kansa yana yi masa wuya. Ya rasu a gidansa kusa da Dablin ran 16 ga Satumba, 1945, yana da shekara 61, aka binne shi a maƙabartar Deansgrange.

Darasin a fili yake, musamman ga mawaƙan majami'unmu. Murya aro ce, Mai ita kuwa zai karɓi abinsa. Bari mu horar da ita da haƙuri, mu san iyakarmu, mu furta kalmomi yadda tsohuwa a bencin baya za ta ji ta yi addu'a da su, mu kuma miƙa ta ga Allah tun tana hannunmu. Allah ya ba bawansa John hutawa ta har abada. Amin.