Shaihu Abubakar Gumi: Malamin Da Ya Koma Aji Bayan Ya Girma

A wannan mako za mu waiwayi rayuwar marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa. Yawancin mutane sun san shi ne a kan kujerar tafsiri a Masallacin Sultan Bello na Kaduna, amma kaɗan ne suka lura cewa wannan bawan Allah sau biyu yana ajiye alli, ya koma ya zauna a kan bencin ɗalibai, alhali ya riga ya zama malami mai iyali.

An haife shi a garin Gummi, a ƙasar da yau ake kira Jihar Zamfara, a farkon shekarun 1920. Mahaifinsa, Malam Mahmud, alƙali ne, kuma a wurinsa ya fara karatu. Daga nan ya yi elementare a Dogondaji, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan ya shiga Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934, inda malamai daga Sudan suke koyar da Larabci da fiƙihun Malikiyya. Da ya gama ya taɓa aikin magatakardan alƙali a Sakkwato, amma aikin bai kwanta masa a rai ba, sai ya koma koyarwa.

A shekarar 1949 ya kama aiki a makarantar horon malamai ta Maru, garin da ke gaba da Bunguɗu in an fito daga Gusau za a Sakkwato. Malam Aminu Kano ma ya yi koyarwa a wannan makaranta a daidai wannan zamani. A nan ne sunan Malam Abubakar ya fara fitowa, saboda ya tarar ana yin taimama don salla alhali ga ruwa a gari, ya ce wannan bai dace da abin da ke cikin littattafan fiƙihu ba. Magana ta yi tsawo har ta kai Sakkwato. Duk ɗalibin da ya karanta babin tsarki ya san hukuncin. Abin da ya yi wuya shi ne a sami saurayin da zai faɗe shi a gaban manya.

To, a nan ne abin lura yake. Mutumin da ya kai matsayin yi wa limamin gari gyara, ga albashi, ga almajirai suna girmama shi, da wani ne sai ya ce ai karatu ya ƙare. Shi kuwa sai ya bar Maru ya koma tsohuwar makarantarsa ta Kano, wadda a lokacin an sake mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci, ya sake zama ɗalibi. Bayan ya gama aka riƙe shi yana koyarwa a can.

Bai tsaya nan ba. A 1954, ya kai kimanin shekara talatin, Gwamnatin Jihar Arewa ta aika da shi tare da wasu malamai, cikinsu har da Malam Halliru Binji da Malam Shehu Galadanci, zuwa Kwalejin Bakht er-Ruda da ke kusa da garin Duwaim a bakin Farin Nilu, a ƙasar Sudan. Turawan mulki ba su son 'yan Arewa su tafi Azhar, don tsoron kada su ɗauko siyasar Masar ta wancan zamani. Sudan kuwa tana hannun Ingila har zuwa 1956. Abin da ake koyarwa a Bakht er-Ruda shi ne dabarun koyarwa, watau yadda ake tsara darasi da yadda ake isar da shi ga mai sauraro. A ganina, duk wanda ya saurari tafsirinsa a Rediyon Kaduna, ya ji yadda yake warware aya da Hausa mai sauƙi, ya ji amfanin wannan tafiya. Mu malaman Larabci mun san cewa sanin nahawu daban, iya koyar da shi daban.

Yana cikin wannan karatu ne ya tafi aikin Hajji a 1955, shekarar da Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya sauke farali, kuma daga nan zumuncinsu ya ƙullu. A 1957 aka sa shi kula da alhazan Nijeriya a Jidda, a 1960 ya zama Mataimakin Alƙalin Alƙalai na Arewa, a 1962 kuma ya hau kujerar Alƙalin Alƙalai. A wannan shekarar ce aka kafa Jama'atu Nasril Islam, yana cikin waɗanda suka assasa ta.

Littafinsa na aƙida da ya fito a 1972 ya jawo saɓani mai zafi tsakaninsa da malaman ɗariƙu, kuma har yau ra'ayin jama'a bai zo ɗaya a kansa ba. Wannan magana ce ta wani makon. Amma ya fassara ma'anonin Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, ya rubuta tafsirin Larabci mai suna Raddul Azhan, kuma a 1987 aka ba shi Lambar Sarki Faisal saboda hidimar Musulunci.

Yau malamin Islamiyya da ke Tsafe ko Bunguɗu ba ya bukatar ƙetare Sahara: ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, ga Kwalejin Ilimi a Maru ɗin nan da Shaihu ya koyar. Ita ma Bakht er-Ruda ta zama jami'a daga baya. Shaihu Abubakar Gumi ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, aka kawo shi Kaduna aka yi masa sutura. Allah Ya gafarta masa.