ROBERT HOOKE, WANDA YA RAƊA WA ƘWAYAR HALITTA SUNA

Duk ɗan makarantar sakandare da ke shirin jarrabawar ilmin halittu, babin da zai fara cin karo da shi shi ne na ƙwayar halitta, wadda Turawa ke kira sel. A nan ne ake nuna masa cewa jikin mutum da na dabba da na tsiro duk an gina su ne da waɗansu 'yan ɗakuna waɗanda ido ba ya iya gani. Sunan da akan fara ambata a wannan babi shi ne na Robert Hooke, Baturen Ingila wanda ya mutu fiye da shekara 300 ke nan. Ya kyautu masu karatu su san ko wane ne shi, da abin da ya gani, da kuma abin da ya gagare shi gani, gama a tsakanin waɗannan biyu ne ɗalibai kan yi tuntuɓe a ɗakin jarrabawa.

An haifi Hooke ran 18 ga Yuli 1635 a ƙauyen Freshwater, cikin tsibirin Wight da ke kudancin Ingila. Ubansa ƙaramin limamin coci ne. Yaron ya taso da rashin ƙoshin lafiya, ciwon kai ya matsa masa, har uban ya haƙura da tilasta masa karatu, ya ƙyale shi da 'yan ƙere-ƙerensa da zane-zanensa. A 1648 uban ya mutu, Hooke yana da shekara 13, sai aka kai shi Landan wurin Peter Lely, shahararren mai zanen hotuna, don ya koyi sana'a. Bai daɗe a nan ba ya koma makarantar Westminster, inda ya koyi Latin da Girkanci da lissafi. A 1653 ya shiga Jami'ar Oksfod. Da yake ba ɗan masu hali ba ne, sai da ya haɗa karatu da yi wa waɗansu hidima. A can ne Robert Boyle ya ɗauke shi mataimaki, shi ne kuwa ya ƙera famfon zuƙe iska wanda Boyle ya yi gwaje-gwajensa da shi.

A 1662 sabuwar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, watau Royal Society, ta naɗa shi mai kula da gwaje-gwaje. Aƙidar wannan ƙungiya ita ce gani ya kori ji, saboda haka aikin Hooke shi ne ya kawo sababbin gwaje-gwaje a kowane zaman mako, ya nuna su a gaban manya. A 1665 aka ba shi kujerar farfesan lissafin siffofi a Kwalejin Gresham, a nan ya zauna har ƙarshen ransa.

Cikin wannan shekara ta 1665 ce ya fitar da littafinsa mai suna Micrographia. Madubin ƙara girman abu da ya yi aiki da shi ba ya ninka abu fiye da sau 50, ga shi da duhu, sai Hooke ya yi dabarar ajiye ƙwallon gilashi cike da ruwa a gaban fitila, ya tattara haske a kan abin da yake dubawa. Koyon zanen da ya yi yana yaro ya yi masa rana, don shi da kansa ya zana abin da ya gani. Ya nuna cewa tsinin allura dakusasshe ne, kaifin aska kuma duk gibi ne. Ya zana idon ƙuda da ƙwarƙwata da ƙuma a manyan shafuna waɗanda sai an buɗe ninkinsu. Samuel Pepys, wani babban ma'aikacin gwamnati a ofishin sojan ruwa, ya rubuta a littafin ajiye labarinsa cewa ya zauna yana karanta littafin har ƙarfe 2 na dare.

Amma abin da ya tabbatar da sunan Hooke a makarantu shi ne wani ɓawon itace mara nauyi wanda ake toshe bakin kwalba da shi. Ya wasa 'yar wuƙarsa, ya yanko ɓawon siriri ƙwarai, ya ɗora shi a kan baƙin faranti, ya haska. Sai ya ga ashe abin duk ramuka ne a jere kamar saƙar zuma, kowane rami da bangonsa. Ya kira su sel, daga kalmar Latin mai nufin ƙaramin ɗaki. Ya ƙirga na layi guda, ya yi lissafi, ya sami cewa guntun ɓawo mai inci ɗaya a tsawo da faɗi da kauri yana ɗauke da ɗakunan nan fiye da miliyan 1,200. Daga nan ya gane abin da ya sa ɓawon ba shi da nauyi, ba ya kuma nutsewa a ruwa, watau iska ce a kulle cikin kowane ɗaki.

To, a nan ne ya kamata ɗalibi ya natsu. Ɓawon da Hooke ya duba mataccen abu ne. Abin da ke da rai a cikin ɗakunan ya bushe tun tuni, bango kaɗai ya rage, kamar kangon da masu shi suka tashi. Hooke ya duba ɗanyun tsire-tsire ma, ya ga nasu ɗakunan cike suke da ruwa, sai ya zaci hanyoyi ne da ruwan tsiro ke bi. Ya nemi ƙofar da ruwan ke ratsawa daga wannan ɗaki zuwa wancan, ya yi ta nema bai samu ba. Ya kuwa rubuta haka a fili, bai ƙaga abin da idonsa bai gani ba.

Bai sami sukunin bin diddigin maganar ba. Annoba ta auka wa Landan a 1665, sa'an nan a watan Satumba na 1666 gobara ta cinye gidaje fiye da 13,000. Hukumar birnin ta naɗa Hooke cikin safiyoyin da za su auna filaye da tituna, ya kuma yi aiki tare da abokinsa Christopher Wren wajen sake gina birnin. Hasumiyar tunawa da gobarar, mai tsawon ƙafa 202, aikinsu ce su biyu, tana nan tsaye. A 1677 ya zama sakataren ƙungiyar. A shekarar ce kuma ya tabbatar wa 'yan ƙungiya gaskiyar Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, wanda ya aiko da labarin cewa ya ga ƙananan halittu masu rai suna iyo a ɗigon ruwa. Da yawa sun yi shakka, sai da Hooke ya maimaita gwajin ya nuna musu. A 1678 ya buga ƙa'idarsa da ke cewa miƙewar sifirin daidai take da ƙarfin da aka ja shi da shi, wadda ɗaliban kimiyyar lissafi ke kira dokar Hooke.

Mutum ne mai kishin a san aikinsa, wannan ya jawo masa husuma, mafi muni ita ce tsakaninsa da Isaac Newton. Sun saɓa a kan haske a 1672, suka sake saɓawa a 1686, sa'ad da Hooke ya yi iƙirarin cewa shi ya fara nuna wa Newton hanya game da ƙarfin da ke riƙe duniyoyi a kewayen rana. Bai taɓa aure ba. A ƙarshen rayuwarsa idanunsa suka mutu, ƙafafunsa suka kumbura, ya mutu ran 3 ga Maris 1703. An tarar da dubban fam a cikin akwatinsa, ko da yake zaman talauci ya yi. Ba wani hotonsa tabbatacce da ya saura.

Tambayar da ya bari ta daɗe tana jiran amsa. A 1826 wani likita Bafaranshe, Henri Dutrochet, ya bayyana yadda ruwa ke ratsa tantani daga ɓangaren da ya fi tsarma zuwa ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa, abin da ake kira osmosis. Shi ne dalilin da ya sa yankakkiyar albasa ke tsatso ruwa idan an barbaɗa mata gishiri. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka kafa cewa tsiro da dabba duka da sel aka gina su. A ƙarshen ƙarni na 19 Ernest Overton ya lura cewa abin da ke narkewa a mai ya fi saurin shiga sel, ya ce lalle da maiko aka yi tantaninta. A 1925 Gorter da Grendel na Holan suka auna maikon jajayen ƙwayoyin jini, suka ce tantanin ninki biyu ne. A 1957 Jens Skou na Denmark ya gano furotin ɗin da ke aiki kamar famfo, yana fitar da sodiyam uku yana shigo da fotasiyam biyu, yana cin ƙarfin sel wajen yin haka. A 1972 Singer da Nicolson na Amurka suka siffanta tantanin a matsayin shimfiɗar maiko mai motsi wadda furotin ke yawo a cikinta, hoton da ke cikin littattafan makaranta ke nan. Kaurin wannan tantani bai kai kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba, don haka ko madubin Hooke ya ninka kyansa sau goma, da bai gan shi ba.

Saboda haka idan mai jarrabawa ya tambayi bambancin bango da tantani, ɗalibi ya tuna da ɓawon Hooke. Bango tauri gare shi, yana ba ƙwayar tsiro siffa da kariya, ƙwayar dabba kuwa ba ta da shi. Tantani yana cikin kowace ƙwaya mai rai, ta tsiro da ta dabba, shi ne mai tsaron ƙofa: waɗansu abubuwa su ratsa shi da kansu, waɗansu sai furotin ya ba su hanya, waɗansu kuma sai ƙwayar ta kashe ƙarfinta ta tura su. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe ginshiƙin babin, sai kuma ya koyi halin Hooke na zana abin da ya gani kawai a ranar gwajin aiki.