Don Reno, Makaɗin Banjo Mai Waƙar Bishara

Jama'a, yau za mu leƙa Amurka mu tuna da Don Reno, ɗan jihar Karolina ta Kudu. Tun yana yaro ya kama banjo, wani abin kiɗa ɗan'uwan gurminmu, wanda asalinsa bayi ne daga Afirka ta Yamma suka kai can. Da yatsu uku yake kaɗa shi, salon da ya ɗauko wurin Snuffy Jenkins.

A 1943 Bill Monroe, uban kiɗan bulugiras, ya neme shi cikin ƙungiyarsa. Reno ya ƙi, ya shiga soja, aka kai shi Bama, inda kakanninmu ma suka yi yaƙi. Kafin ya dawo Earl Scruggs ya samu gurbin, sunan kuwa ya bi Scruggs. Sai 1948 Reno ya shiga ƙungiyar.

Bai ajiye banjo ba. Shi da abokinsa Red Smiley, a 1952, suka fitar da waƙar da ta kamanta Littafi Mai Tsarki da taswirar matafiyi, wadda har yau mawaƙan bishara ke rerawa. A ganinmu ita ce gadonsa mafi tsada. Ya rasu ran 16 ga Oktoba, 1984, a jihar Bajiniya.