Tomas Tresham, Wanda Ya Shaida Bangaskiyarsa da Dutse

A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, manyan Ingila sun shiga gasar gina gidaje a karkara. Suka bar ganuwa da ƙananan tagogi irin na kakanninsu, suka ɗauko salon Italiya: ginshiƙai irin na Romawan dā, manyan tagogin gilashi, hagu da dama daidai wa daida. Yawancinsu arziki suke so su nuna. Tomas Tresham kuwa, wanda aka haifa a 1543, wa'azi ya yi da gininsa.

Yana saurayi ya gāji gidan Rushton a lardin Northampton, Sarauniya kuma ta ba shi lambar girma ta Sir a 1575. Amma a 1581 aka kama shi bisa zargin ya saukar da Fada Edmund Campion, wanda aka kashe a wannan shekara, muke kuma girmama shi yau cikin waliyyai. Doka ta ɗora tarar fam 20 kowane wata a kan duk wanda ya ƙi halartar sujadar Ikilisiyar Ingila. Tresham ya yi ta biya, ya shafe shekaru tsakanin kurkuku da ɗaurin talala.

Da ya koma Rushton a 1593, sai ya soma wani ɗan gida mai kusurwa uku, aka gama shi a 1597. Bango uku ne, kowanne ƙafa 33, hawa uku, tagogi uku a kowane hawa na kowane bango. A ce dai mazaunin mai kula da zomaye ne. Amma yaron da ya koyi katekizim ma zai gane Triniti Mafi Tsarki ake nufi, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Abin da aka hana baki ya faɗa a fili, dutse ya faɗe shi. A Lyveden kuma ya kafa wani gida mai siffar gicciye, aka sassaƙa alamun shan wuyar Ubangijinmu kewaye da shi, har da ƙusoshi, rawanin ƙaya da jakar kuɗin Yahuda.

Ba za mu kira shi waliyyi ba. Ya matsa wa talakawan da ke noma ƙasarsa, ya mai da gonaki makiyayar tumaki, hannunsa kuma bai san tsimi ba. Ya rasu ranar 11 ga Satumba, 1605, bashi ya yi masa katutu, magina suka ajiye aiki. A watan Nuwamba aka kama ɗansa Francis cikin makircin tarwatsa majalisa da albarushi, ya mutu a kurkukun Hasumiyar Landan a Disamba. Gidan Lyveden yana nan tsaye har yau, ba rufi.