Rudolf Diesel: Injiniyan da ya faro daga masana'antar ƙanƙara ya ƙera injin da ke jan manyan motoci

Tirelar da ke ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, da tankar mai, da tarakta, da babban janaretan da ke ba asibiti wuta, duk suna aiki ne da nau'in inji ɗaya. Man da suke sha, wanda direbobi da yawa ke kira gas, sunansa na asali dizal, kuma sunan mutum ne: Rudolf Diesel, wani injiniya Bajamushe da ya ɓace a teku shekara 110 da 'yan kai da suka wuce.

Diesel ya ƙarar da rayuwarsa a kan tambaya ɗaya: ta yaya za a hana zafin da mai ke fitarwa tafiya a banza? Ya samo amsa, ya yi suna, ya tara dukiya, sannan dukiyar ta zube. Ya kuma mutu ya bar wata matsala da ta gagare shi, wato yadda za a tura mai cikin injin daidai gwargwado, wadda har yau ita ce ke yawan kai motocin dizal gareji.

Yaron da yaƙi ya raba da iyayensa

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris ranar 18 ga watan Maris na 1858. Iyayensa, Theodor da Elise, 'yan asalin yankin Bavaria ne na Jamus da suka je Faransa neman abinci. Mahaifin yana ɗinkin littattafai da sana'ar kayan fata, kuma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba.

A 1870 yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Prussia, aka kori Jamusawa daga Paris. Iyalin suka tsallaka Landan. Da zama ya yi wuya, sai aka tura Rudolf, yana ɗan shekara 12, wurin danginsa a garin Augsburg, inda mijin innarsa, Christoph Barnickel, ke koyar da lissafi. A can ne basirarsa ta fito. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa wasiƙa cewa shi injiniya zai zama. A 1875 ya samu tallafin karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta Munich, duk da cewa iyayen sun fi son ya kama aiki ya taimaka wa gida.

Darasin da ya tsaya masa a rai

A Munich ya haɗu da Farfesa Carl von Linde, wanda ya shahara wajen ƙera injin sanyaya kaya. A darasinsa ne Diesel ya fahimci irin asarar da ake tafkawa a injin tururi, wanda shi ne ke juya masana'antu da jiragen ƙasa a wancan zamani. Idan aka ƙona buhu goma na kwal, ƙarfin buhu ɗaya ne kacal ke zama aiki. Sauran tara suna bin hayaƙi da tururi su watse.

Ga ɗan talakan da ya taso yana lissafin kowane kwabo, wannan ɓarna ce da ba ta da daɗin ji. Ya kuma lura cewa injin tururi ƙato ne mai tsada, sai manyan attajirai ke iya sayensa, abin da ya sa ƙananan masu sana'ar hannu irin mahaifinsa ke ta durƙushewa. Ya ƙudurta samar da inji mai tattalin mai wanda ƙaramin mai sana'a zai iya mallaka.

Zazzaɓin taifot ya hana shi rubuta jarrabawar ƙarshe a 1879. Kafin lokacin wata jarrabawar ya zagayo, ya je kamfanin Sulzer da ke Winterthur a ƙasar Switzerland ya koyi aikin ƙarfe da hannunsa. A watan Janairun 1880 ya kammala karatu da sakamako mafi daraja, ya koma Paris ya kama aiki a masana'antar ƙanƙara ta Linde, kuma bayan shekara ɗaya ya zama shugabanta. A 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku.

Daga sanyi zuwa wuta

Shekara goma Diesel yana aikin ƙanƙara, kuma aikin ya koya masa abin da ya zama tushen injinsa. Injin sanyi yana aiki ne ta hanyar matse iskar gas, kuma duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san yadda gindin famfon ke ɗumi a hannu.

Tunaninsa shi ne, idan fistin ya matse zallar iska a cikin silinda da ƙarfi sosai, zafinta zai haura digiri 500. A daidai wannan lokaci, in aka fesa mai, zai kama da wuta da kansa. Shi ya sa injin dizal ba ya buƙatar fulogin da ke ba da tartsatsi kamar injin fetur, kuma shi ya sa yake cin mai kaɗan ya ba da ƙarfi mai yawa.

A 1890 ya koma Berlin, har yanzu a ƙarƙashin Linde. A watan Fabrairun 1893 gwamnatin Jamus ta ba shi takardar mallakar fasaha mai lamba 67207, kuma a shekarar ya wallafa ɗan littafi da ya bayyana ra'ayinsa. A takarda, injin ya wuce misali. Ya yi lissafin matse iska har ninki 250 na nauyin iskar sarari, ya kawo shawarar amfani da garin kwal a matsayin makamashi, ya kuma yi imanin cewa injin ba zai buƙaci ruwan sanyaya shi ba, tunda zafin duka zai koma aiki. Masana da dama sun ce mafarki ne. Amma Heinrich von Buz, shugaban masana'antar ƙera injina ta Augsburg, wadda daga baya ta zama kamfanin MAN, ya yarda ya gwada. Kamfanin Krupp ma ya zuba kuɗi.

Shekara huɗu na faɗi-tashi

Ranar 10 ga Agustan 1893 aka fesa wa injin gwaji na farko mai. Ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa na'urar auna matsi da ke kansa. Injin bai yi aiki ba, amma an tabbatar cewa zafin matsi kaɗai yana kunna mai. Sai a watan Fabrairun 1894 ya juya da ƙarfin kansa, shi ma na kusan minti ɗaya.

Daga nan ƙarfe ya shiga gyara wa takarda kuskure. Ƙarafan zamanin ba za su jure matsin da ya lissafa ba, dole aka sauko da shi zuwa wajen ninki 30. Maganar garin kwal ta bi ruwa, aka koma kananzir. Zafin da ya ɗauka zai sarrafa gaba ɗaya ya yi wa injin yawa, sai da aka zagaye silinda da rigar ruwa. Tsohon mai sana'ar ƙanƙara ya sake komawa neman sanyi.

Mafi wahala shi ne shigar da man. Iskar da ke cikin silinda a matse take, saboda haka sai man ya zo da ƙarfin da ya fi nata, ya zo a daidai lokaci, ya kuma watsu kamar feshin turare. Babu famfon da zai iya wannan aiki a lokacin. Dabarar da ya koma wa ita ce ya haɗa wa injin kwamfuresa, wadda ke hura man ciki da iska mai ƙarfi. Dabarar ta yi aiki, amma kwamfuresar tana da nauyi, tana da tsada, tana kuma cinye wani kaso na ƙarfin injin.

Ranar 17 ga Fabrairun 1897 Farfesa Moritz Schröter na Munich ya yi wa injin gwaji a hukumance. Inji ne mai silinda ɗaya, mai ƙarfin doki kusan 20, kuma ya mayar da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin man zuwa aiki, fiye da ninki biyu na abin da injin tururi ke yi. Wannan inji yana nan ajiye a gidan tarihin kimiyya na Deutsches Museum da ke Munich.

Dukiya da ciwon kai

Kamfanoni daga ƙasashe daban-daban suka yi ta rububin sayen izinin ƙera injin. Adolphus Busch, attajirin birnin St. Louis, ya biya mark miliyan ɗaya don mallakar izinin a Amurka da Kanada. Kafin a ce kwabo Diesel ya zama miloniya, ya gina katafaren gida a Munich.

Sai dai an yi gaggawar kai injin kasuwa. Na farko-farko sun riƙa lalacewa a hannun masu saye, wasu aka mayar da su masana'anta. Wahalar aiki da damuwa suka kwantar da shi a asibiti a 1898, ga ciwon kai mai tsanani da ya daɗe yana fama da shi. Injiniyoyin Augsburg da na wasu kamfanoni ne suka ci gaba da gyara injin har ya zama abin dogaro.

A baje kolin duniya na Paris a 1900, injin ya lashe babbar kyauta. A wurin ne aka kunna wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke yi amma kwal da fetur ke wahalar kaiwa. Diesel ya ci gaba da nuna sha'awa ga man tsirrai har ƙarshen rayuwarsa.

A teku injin ya fi samun karɓuwa, domin jirgin ruwa ba ya jin nauyin kwamfuresa. A 1912 jirgin Selandia, wanda aka ƙera a Copenhagen ta ƙasar Denmark, ya fara doguwar tafiya da injin dizal, kuma sojojin ruwan Turai sun koma sa shi a jiragen ƙarƙashin teku. Amma ƙaramin mai sana'ar da Diesel ya yi wa tanadi bai samu injin ba, mota ma ba ta samu ba.

Shi kuwa gwanin lissafin zafi bai iya lissafin kuɗi ba. Ya zuba dukiya a cinikin filaye da harkar haƙar mai, aka yi asara. Ya rubuta littafi a 1903 kan yadda ma'aikata za su haɗa jari su mallaki masana'antu, kusan babu wanda ya saya. Masu sukarsa kuma suka taso shi gaba da cewa injin da ke aiki ya sha bamban da wanda ya bayyana a takardarsa ta 1893, don haka bai cancanci sunan ba. A 1913 ya wallafa tarihin yadda aka ƙera injin domin kare kansa.

Daren 29 ga Satumba

Da yammacin 29 ga Satumban 1913, Diesel ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, zai tsallaka zuwa Harwich a Ingila domin halartar taron wani kamfanin injin dizal a Landan. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa biyu, ya shiga ɗakinsa da misalin ƙarfe 10, ya bar saƙon a tashe shi da ƙarfe 6:15 na safe.

Da gari ya waye ba a gan shi ba. Ba a kwanta a gadonsa ba, an kuma tarar da hularsa da kwat ɗinsa a ninke kusa da shingen jirgin. Bayan kwana goma, ma'aikatan wani ƙaramin jirgin ƙasar Holan suka ga gawa a kan ruwa. Suka cire 'yan kayan da ke aljihunta, ciki har da jakar kuɗi da wuƙar aljihu da gidan tabarau, suka mayar da ita teku. Ɗansa Eugen ya tabbatar cewa kayan na mahaifinsa ne. Ya rasu yana da shekara 55.

Kafin ya tafi ya bar wa matarsa wata jaka. Da ta buɗe, ta tarar da mark 20,000 da takardun da suka nuna cewa asusunsu ya kusan ƙarewa. Mafi yawan marubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa a ruwa. Jaridun lokacin sun yi ta yaɗa zargin cewa kashe shi aka yi don kada ya taimaki sojojin ruwan Ingila, amma ba a taɓa kawo hujja a kan haka ba.

Aikin da ya bari

Abin da ya hana injinsa hawa titi, wato famfon mai, sai bayan mutuwarsa aka shawo kansa. Kamfanonin Benz da MAN sun fito da manyan motocin dizal na farko a tsakanin 1923 da 1924. A 1927 kamfanin Robert Bosch da ke Stuttgart ya fara ƙera famfon da ke tura mai da ƙarfinsa ba tare da kwamfuresa ba, kuma wannan ne ya buɗe wa dizal ƙofar tituna. A 1936 Mercedes-Benz ya fitar da ƙaramar motar dizal samfurin 260 D.

Daga baya lantarki ya karɓi aikin auna man, tsohuwar rigimar zafi kuma ta dawo ta wata ƙofa. A 1994 kamfanin General Motors ya fara sa wa motocinsa masu injin dizal mai lita 6.5 famfon Stanadyne, wanda wani ɗan baƙin akwatin lantarki ke sarrafawa. An ɗaure akwatin a jikin famfon, a tsakiyar injin, da nufin man da ke wucewa ya riƙa sanyaya shi. Amma da an kashe mota man ya tsaya, sai zafin injin ya taru a kansa. A hankali kayan cikinsa su gaji, mota ta riƙa mutuwa a kan hanya ko ta ƙi tashi idan ta yi zafi.

Maganin da kanikawa da masu motocin suka gano bai da wuya. Suna cire akwatin daga jikin famfon, su ƙara masa tsawon waya, su ɗaura shi a kan farantin alminiyum mai haƙora da ke zuƙe zafi, sannan su kafa shi a inda iska ke bugawa, galibi bayan bamba ta gaba. Mutumin da ya taɓa zaton injinsa ba zai nemi ruwan sanyi ba, sannan ya koma ya yi masa rigar ruwa da hannunsa, da ya ga wannan gyara da bai yi mamaki ba.