Albert Frank, mutumin da ya gano abokin saiwar masararka

Ɗan'uwa manomi, in ka taɓa ganin yabanyar masara ta tsugune, gefen ganyenta ya yi jaja-jaja, galibi yunwar fosforas ce. Labarin wani Bajamushe zai taimake ka ka gane abin da ke faruwa a ƙarƙashin kunyarka.

An haifi Albert Bernhard Frank a birnin Dresden a 1839. Ya yi karatun tsirrai a Leipzig, kuma a 1881 ya zama farfesa a kwalejin aikin gona ta Berlin. A nan ne gwamnati ta ɗora masa aikin gano yadda za a noma wani naman kaza mai tsada da ke fitowa a cikin ƙasa a gindin itatuwa. Bai samo hanyar noman ba. Amma da ya yi ta tono saiwoyin itatuwan daji, sai ya tarar kusan kowacce a lulluɓe take da zaren fumfuna, itatuwan kuwa lafiyarsu ƙalau.

A lokacin, fumfuna a jikin tsiro cuta ake ɗaukarta. A 1885 Frank ya rubuta cewa wannan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne: fumfunar tana jawo wa itace ruwa da abinci daga ƙasa, shi kuma yana ciyar da ita. Ya raɗa wa haɗin suna maikoraiza, wato saiwar fumfuna a harshen Girka. A 1887 ya bambanta mai naɗe saiwa ta waje da mai shiga cikinta. Masana da dama sun yi masa musu, har ya rasu a Berlin a 1900. Sai daga baya gwaje-gwaje suka tabbatar da maganarsa.

To, ina ruwan masararka? Mai shiga cikin saiwa, irinta ce ke zaune da masara, dawa, wake da gyaɗa. Fosforas ba ya yawo a ƙasa kamar yuriya, inda ya faɗi nan yake maƙalewa. Saiwa ta shanye na kusa da ita, shi ke nan. Zaren fumfunar, da ya fi gashi siranta, shi ke wucewa gaba ya ɗebo mata.

Don haka ka kula da shi. Yawan kaftu da huɗa mai zurfi yana tsinka zaren. Barin gona fayau tsawon lokaci ba ko tsiro yana kashe shi da yunwa. In ka zabga takin supa fiye da kima, masarar ta daina neman taimakonsa, kuɗinka kuma ya tafi a banza. Amma fa fumfunar ba ta ƙirƙirar fosforas, wanda ke ƙasar take ɗebowa. Ka sa taki daidai gwargwado kusa da ramin shuka, ka haɗa da takin gargajiya, ka riƙa juya masara da wake ko waken suya. In akwai hali, ku haɗa kuɗi a ƙungiya a auna muku ƙasa kafin damina.